Idan An Yi Wa Addininka Dariya

Ni haifaffen Gadarif ne, a gabashin Sudan. Kakannina sun baro ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya noman dawa da riɗi, har yau ba mu tashi ba. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san inda nake tsaye, domin abin da zan ɗauko ya shafi Kiristoci 'yan ɗariƙar Katolika, ni kuwa Musulmi ne. Tambayar ita ce: me ya kamata mutum ya yi idan masu fim da masu wasannin nishaɗi suka mayar da addininsa abin dariya? Na daɗe ina ganin na san amsa, sai da wani dattijo ya sa na sake lissafi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 garinmu ya cika da baƙi. Na Khartum ne suka fara zuwa, sai na Wad Madani a ƙarshen shekarar, sai na Sinja da daminar 2024. Cikin na farko akwai wani tsohon malamin tarihi, mutumin Duwatsun Nuba, ɗan Katolika, da ya kama hayar ɗaki biyu kusa da gidana shi da jikokinsa. Ustaz muke ce masa, don a Sudan duk malamin makaranta Ustaz ne, kowane addini yake bi. Kusan kullum bayan la'asar muna haɗuwa wurin mai shayi a bakin layi.

Ranar 26 ga Yulin 2024 aka buɗe gasar Olamfik a birnin Paris. A cikin shagalin an nuna wasu mutane, har da maza masu shigar mata, sun jeru a bayan wani dogon tebur. Kiristoci da dama suka ga an kwaikwayi Jibin Ƙarshe ne, wato cin abincin da suka yi imani Annabi Isa (AS) ya yi da almajiransa a darensa na ƙarshe tare da su. Bishof-bishof na Faransa suka yi tir. Wanda ya tsara wasan ya ce shi bikin gumakan Girkawa ya nufa, masu shirya gasar kuma suka ba da haƙuri ga duk wanda ransa ya ɓaci. Al-Azhar ta Masar ma ta yi Allah wadai, sannan ranar 3 ga Agusta fadar Vatican ta fitar da gajeriyar sanarwa ta ce abin ya baƙanta mata rai.

Na ɗauki wayata na nufi wurin shayi. Zan faɗi gaskiya: ba jaje ya kai ni ba. So nake in ga yadda zai yi, don na taso ina jin ana cewa Kiristoci ba su da kishin addini.

Na ce, "Ustaz, ka ga abin da aka yi muku?"

Ya ce, "Na ji labari, Alhaji. Mayar da wayarka aljihu. Sau nawa ka kalla?"

Na ce sau uku ko huɗu.

"Mutum nawa ka tura wa?"

Na ce za su kai ashirin.

Ya ce, "To, ashe a unguwar nan kai ne wakilinsu, kuma ba su biya ka ko sisi ba."

Maganar ta sosa ni, sai na rama. Na ce da mu aka yi wa, da yanzu gari ya ɗau zafi, su kuwa ga shi yana kurɓar shayi. Ya ajiye kofin. Ya ce wannan jibin shi suke tunawa duk lokacin da suka taru a coci, babu abin da ya fi shi tsarki a ibadarsu, kuma tun da ya ji labarin abinci bai yi masa daɗi ba. Sai halin malanta ya motsa. Ya ba ni labarin wani zane da aka tono a jikin bango a birnin Rum a 1857, mai kimanin shekara 1,800: wani ya zana mutum a kan gicciye da kan jaki, ya zana wani Kirista a gefe, ya rubuta cewa ga wane yana bauta wa ubangijinsa. Ya ce izgili tare da addininsu ya girma. Ya ƙara da cewa a Linjila, daren da aka zo kama Yesu, almajirinsa Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen wani, shi kuwa ya umarce shi ya mayar da takobin kube. Amma da wani dogari ya mare shi a gaban babban limamin Yahudawa bai yi shiru ba, ya tambaye shi dalilin marin. Ustaz ya ce tsakanin waɗannan biyun yake neman wurin tsayawa.

Na dawo gida da maganar a raina, sai Damagaram ta faɗo mini. A watan Janairun 2015, bayan an kashe mutum 12 a harin da aka kai wa mujallar Charlie Hebdo a Paris, mujallar ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Ranar Juma'a 16 ga wata aka yi zanga-zanga a Damagaram, washegari a Yamai. Mutum 10 suka mutu, aka ƙona coci-coci masu yawa. Masu zanen suna Faransa, ko hayaƙin bai kai musu ba. Waɗanda suka biya kuɗin fushin 'yan Nijar ne, maƙwabtan masu fushin, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Haka aka yi a Maiduguri a Fabrairun 2006 saboda zanen da aka buga a Denmark, har wani fada na Katolika ya rasa ransa.

Kada a ce wannan cutar tamu ce mu kaɗai. A Oktoban 1988 wasu 'yan Katolika masu tsattsauran ra'ayi sun cinna wa gidan sinimar Saint-Michel wuta a Paris, saboda ana nuna wani fim na Martin Scorsese da suke ganin ya ci zarafin Yesu. Mutum fiye da goma suka jikkata. Mai fim ɗin bai ji ko ƙwarzane ba, sai ma fim ɗinsa ya ƙara suna. Duk inda aka yi irin wannan, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Akwai hujjar da ni kaina na daɗe ina riƙe da ita, kuma ba zan ce wofi ce ba. Masu ita suna cewa wargi wuri yake samu: saboda an ga Katolika ba sa tayar da ƙura shi ya sa ake yawan taɓa su. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Shi kansa Fafaroma Francis, kwana guda kafin rikicin Damagaram, ya gaya wa 'yan jarida a cikin jirgi cewa wanda ya zagi mahaifiyarsa ya sa ran naushi, ko da yake a zama ɗaya ya ce kisa da sunan Allah ɓata ne. Ciwon gaskiya ne, kuma wanda ya ce bai ji komai ba, ko dai ƙarya yake ko abin bai dame shi ba tun asali. Sai dai mu duba abin da ake samu ta hanyar tsoratarwa. Wanda ya daina zaginka don yana tsoron wuƙarka bai fara girmama ka ba, jira yake ka juya baya. Kuma addinin da mutane suka sani da wuta, da wace fuska zai kira su?

Saboda haka abin da na ɗauka daga Ustaz shi ne a yi magana, a fili, da suna, ba tare da zagi ba. A ce wannan abu mai tsarki ne a wurinmu, kun taka shi, ya yi mana ciwo. Bishof-bishof na Faransa haka suka yi, kuma cikin kwana biyu aka ba da haƙuri. Bayan magana sai a janye ido da kuɗi, domin sana'ar nishaɗi da 'yan kallo take rayuwa, kuma injin intanet bai san bambancin kallon mai fushi da na mai jin daɗi ba, duk lissafi ɗaya yake yi musu. Abin da ya ba ni kunya shi ne wannan darasin yana cikin littafina. Aya ta 140 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da barin majalisar da ake izgili da ayoyin Allah har sai an canza zance. Ni kuwa na ɗauko majalisar a aljihu na raba wa mutum ashirin.

Ya kamata kuma a tace, don ba kowace dariya ce ɓatanci ba. Kakata ta sha ba mu labarin tashe a Kano, yadda yara ke liƙa gemun auduga su kwaikwayi malam, malamai na kallo suna dariya har su ba da sadaka. Wasa da malami ko fada mai kwaɗayi daban, wasa da abin bauta daban. A 2015 an yi fim mai suna Spotlight a Amurka kan yadda cocin Boston ta rufa wa limamai masu lalata da yara asiri. Jaridar Vatican da kanta ta ce fim ɗin bai zama gaba da Katolika ba. Mai addinin da ke kiran duk wata suka ɓatanci, sau da yawa rawaninsa yake karewa.

Ma'auni na ƙarshe shi ya fi yi mini nauyi. Mu Hausawan Sudan mun san ɗacin zama abin barkwanci. An kwaikwayi Larabcin iyayenmu, an kira mu baƙi a ƙasar da aka binne kakanninmu, kuma mun ga a Blue Nile a Yulin 2022 inda raini ke kai mutane idan ya nuna. Duk da haka, da aka taɓa abin da Ustaz ke girmamawa, ban je da jaje ba, na je gwada shi. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Idan zafin izgili ba ya kama ni sai ranar da aka taɓa nawa, ya kamata in tambayi kaina ko don Allah nake fushi ko don kaina.

Ranar Lahadi na ga Ustaz ya fito da jikokinsa za su coci, yana ɗage wando saboda taɓon Gadarif mai kama takalmi. Da yamma na tambaye shi abin da aka ce a can. Ya ce an yi addu'a ga waɗanda suka yi wasan, an yi ga waɗanda yaƙi ya koro, sannan aka zagaya da kwanon baiko don sayen dawa ga masu kwana a makarantu. Babban jikansa ya so ya rubuta zagi a Facebook, ya ce masa ya rubuta abin da jibin yake nufi a wurinsu, ko wani zai karanta ya fahimta.

Na goge bidiyon a gabansa, na ce, "Ustaz, ka yi haƙuri. Jaje ya kamata in kawo maka ran nan."

Ya ce, "Ai ga shi ka kawo, Alhaji. Amma shayin yau kai za ka biya."