Abin da Ake Karɓa a Gyara

Wanda ya je sayen kwamfuta a Titin Beirut a Kano, ko a Computer Village ta Ikeja, yakan shafe awa guda yana tambaya. Nawa ne RAM ɗinta? Batirin yana kai awa nawa? Sabuwa ce dal ko tokumbo? Zai juya ta, ya leƙa gindinta, ya kira wani ƙaninsa da ya san harkar a waya. In an daidaita an biya, sai ya ce wa mai shago, "To Alhaji, a yi mini gyara da maus mana." Mai shago ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta, ya zaro duk wanda ya fara taɓawa, ya jefa a leda. Ba mai buɗe kwalin, balle a ɗora tafi a kai. Alhali a duk kayan da aka yi cinikinsu, wannan ɗan abin da aka karɓa kyauta shi ne hannu zai wuni a kansa.

Mai buga takardu a bizines santa, akawun da ke bin layukan Excel, yaron da ke tsara katin biki da fastar 'yan siyasa a CorelDRAW, editan da ke yanka fim, duk linzamin kwamfuta ne, wato maus, a hannunsu daga safe har magariba. In kwamfuta ta yi nauyi nan take suke ganewa, su yi tsaki, su nemi mai gyara. Maus mara kyau kuwa a ɓoye yake cin mutum. Da yamma sai ya ji wuyan hannunsa ya riƙe, kafaɗarsa ta yi tsami, ya ce gajiyar aiki ce, gobe ya koma ya ɗora hannu a kan abin da ya jawo masa.

Da katako aka fara. Douglas Engelbart, injiniya a cibiyar bincike ta SRI da ke California a Amurka, shi ya yi tunanin na'urar, abokin aikinsa Bill English ya haɗa ta farko a 1964: ɗan akwatin itace mai maɓalli ɗaya, da tayoyi biyu a ƙasa, ɗaya na auna tafiyar gaba da baya, ɗaya ta gefe da gefe. Ranar 9 ga Disamba 1968 Engelbart ya nuna ta ga taron masana kwamfuta a San Francisco. Daga baya ƙwallo ya maye gurbin tayoyin, kuma da mai ƙwallon ne yawancinmu muka fara, a zamanin kafe-kafen intanet. Wanda ya yi wannan zamani ya san ciwonsa. Ƙwallon yana kwasar ƙura da maiƙon hannu daga tebur, ya shafa wa 'yan sandunan da ke juyawa a ciki, har datti ya yi musu zobe. Kibiya ta dinga tsalle, ga lokacin da ka saya yana ƙarewa. Sai mai kafe ya zo ya murɗe murfin, ya zaro ƙwallon, ya kankare dattin da farce ko hular biro. Da hunturu abin kusan kullum ne.

Maus mai haske ya raba mu da wannan wahala, domin babu abin da ke juyawa a gindinsa. 'Yar jar fitila ce ke haska tebur a karkace, wata 'yar kyamara ta dinga ɗaukar hoton wurin, ƙwaƙwalwar da ke ciki kuma ta kwatanta kowane hoto da wanda ya gabace shi, ta lissafa inda aka nufa da nisan da aka yi. Tun farkon shekarun 1980 Steve Kirsch da Richard Lyon, kowa a nasa ɓangaren, suka ƙera masu haske, sai dai waɗancan ba sa aiki sai a kan faifai na musamman mai zane. Wanda ke tafiya a kan tebur na gama-gari ya shigo hannun jama'a ne a 1999, da Microsoft ta fitar da IntelliMouse Explorer, wanda idonsa ke ɗaukar hoto 1,500 a daƙiƙa guda. Na yanzu sun ninka haka sau da yawa.

Tunda hoto yake kwatantawa, idon yana bukatar abin da zai kama: layin katako, zaren ƙyalle, kaushin takarda. A kan gilashi ko tebur mai sheƙi, hoton farko da na biyu duk ɗaya suke a wurinsa, sai kibiya ta cije ko ta yi ta rawa. Mu kuwa a ofisoshinmu muna son shimfiɗa gilashi a kan tebur, a jera katunan ziyara da kalanda a ƙarƙashi. Allah kaɗai ya san yawan maus masu lafiya da aka jefa a kwandon shara saboda haka. Logitech ta fitar da mai hasken leza a 2004, a 2009 kuma ta kawo fasahar Darkfield mai aiki a kan gilashi, amma kafin a kai ga kashe wannan kuɗi, faifan ƙyalle na 'yan nairori ya isa. Wani lokaci ma silin gashi ne ko zare ya maƙale a ramin idon, hurawa ɗaya ta warware matsalar.

Sai lambobin da ke jikin kwali, inda mai saye ya fi ruɗewa. Mafi girman rubutu shi ne DPI, wato yawan ɗigon da kibiya za ta yi tafiya a allo in an matsa maus inci ɗaya. A yi lissafin a gani. Allon da aka fi yayi yanzu faɗinsa ɗigo 1,920 ne. Maus mai DPI 1,000 zai ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan da tafiyar kusan inci 2. Mai 16,000 kuwa, matsawar milimita 3 kacal ta isa ta cilla kibiya ƙarshen allo. Wane akawu ne zai iya saita ɗan akwati ɗaya a Excel da irin wannan gudu? Ga aikin ofis da makaranta, tsakanin 800 da 1,600 ya wadatar. Manyan lambobin nan an yi su ne don masu gasar wasannin kwamfuta, su ma da yawansu rage shi suke yi in za su yi wasa. Kamfani yana buga su da manyan baƙaƙe ne saboda lamba tana da sauƙin talla, kuma mai saye yana ganin duk abin da ya fi yawa ya fi kyau.

Abin da ke fara mutuwa a jikin maus, ba kasafai ake rubuta shi a kwalin masu araha ba. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan makunni mai siririn ƙarfe a ciki, shi ne ke yin ƙarar "ƙas" in an danna. Yau da gobe ƙarfen yana gajiya, ko bakin da yake taɓawa ya yi dauɗa, sai dannawa ɗaya ta zama biyu. Ka zaɓi fayil, ya buɗe da kansa. Ka ja hoto zuwa wani wuri, ya suɓuce a hanya. Masu ƙera makunnan kirki irin su Omron na Japan suna faɗin yawan dannawar da nasu zai jure, miliyan 10 ko 20 ko 50, duk da cewa su ma ba su tsira daga wannan cuta ba. Na biyu a mutuwa shi ne waya, daidai wuyan da ta shiga jikin maus, musamman ga masu nannaɗe ta tam su cusa a jaka. Sai 'yar tayar tsakiya, wadda ƙura kan sa ta dinga komawa sama kana jan ta ƙasa.

Duk wannan batun ƙarko ne. Batun daɗin riƙo kuwa, babu lambar da za ta gaya maka. Manomi in ya je sayen fartanya ba ruwan ƙarfen kaɗai yake dubawa ba. Yana kama ƙotar, ya jinjina, ya gwada sara a ƙasa, domin ya san ita ce za ta yi masa kanta ko ta bar shi lafiya, kuma ƙotar da ta yi wa wansa daidai ba lalle ta yi masa ba. Hannuwa ba ɗaya ba ne. Wani yana kwantar da tafinsa gaba ɗaya a bayan maus, wannan yana son mai tudu da tsawo. Wani da kan yatsu yake riƙewa, tafinsa a sama, shi ƙarami mara nauyi ya fi masa. 'Yan mitsi-mitsin da aka yi don tafiye-tafiye suna da kyan gani, amma babban hannu in ya wuni a kansu, yatsu a dunƙule suke wuni.

Ko manyan kamfanoni sun sha faɗawa wannan rami. A 1998 Apple ta fitar da iMac tare da maus mai siffar da'ira, zagayayye ta ko'ina. A hoto abin sha'awa ne. A hannu kuwa mutum ba ya gane gaba daga gefe sai ya duba, ya tura sama kibiya ta tafi a karkace. Bayan shekara biyu suka canza shi. A 2015 kuma suka fito da Magic Mouse 2, suka sa ramin cajinsa a gindi, ta yadda in yana caji sai dai a kwantar da shi a jira. Kamfanin da ya fi kowa suna wajen tsara sura ke nan, kuma tsadar kayansa ba ta hana ido ya rinjayi hannu ba.

Jiki magayi. Akwai wata jijiya da ke bi ta wani matsattsen lungu a wuyan hannu, ita ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya. In aka daɗe ana lanƙwasa wuyan hannu sama, ko ana danne shi a kaifin tebur, wurin yana takura. Wanda ya fara jin waɗannan yatsu suna mutuwa ko suna tsira-tsira, musamman da dare, likita ya kamata ya gani, kada ya tsaya ga sauya maus kawai. Kafin a kai nan, maus ya zauna kusa da jiki, gwiwar hannu a sake, a dinga motsa shi da damtse maimakon murɗa wuyan hannu. Akwai masu tsayuwa a gefe, waɗanda ake riƙewa yadda ake musabaha. Wasu suna samun sauƙi da su, wasu ba sa sabawa. Bahago kuma ya nemi wanda ɓangarorinsa biyu suke daidai, ya sauya maɓallan a saitin kwamfuta, ya daina tilasta wa damansa.

Tsakanin mai waya da mara waya, ni na fi karkata ga mai waya a duk inda hannu da yawa ke taɓa kwamfuta. Ba ya neman batir, ba ya bin wani gida a aljihu. Mara waya yana da daɗi ga mai yawo da kwamfutarsa, amma ransa yana jikin 'yar ƙwayar da ake sokawa a USB, in ta ɓata a yawancin masu araha shi ke nan. Batir mai arha kuma in ya daɗe a ciki yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarafan.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne cibiyoyin koyon kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2017 kuma ta kawo tsarin maɓallai 8 na allon rubutu, domin ɗalibin da bai saba da maus ba ya iya amsa tambayoyi ba tare da shi ba. Wannan ya nuna riƙon maus ba abin da ake haihuwar mutum da shi ba ne, koyo ake yi. To yarinyar da ta zo daga ƙauye, yau ne farkon zamanta gaban allo, aka ba ta maus mai danna biyu a kan tebur mai santsi, me za ta ɗauka? Gwani in kibiya ta yi tsalle ya san na'ura ce. Ita kuwa kanta za ta zarga, ta ce hannunta ne ba ya ji, ta ƙara ƙanƙame abin, ta ji kunyar tambaya. Mai cibiya ya kashe miliyoyi a kan kwamfutoci da janareta, ya yi tsimin 'yan dubbai a daidai wurin da ɗaliba ke haɗuwa da injin.

Gwajin da za a yi a shago ba ya cin minti biyar. A ce a buɗe kwali, mai shagon da ya ƙi ya riga ya ba da amsa. A ɗora tafi a sake, a ga ko yatsu sun faɗa kan maɓallan da kansu ba tare da miƙewa ko dunƙulewa ba. A danna hagu da dama, a ji ko nauyinsu da ƙararsu ɗaya ne. A girgiza shi kusa da kunne, kada a ji wani abu yana kaɗawa a ciki. A jona shi, a ja fayil daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da an saki ba. Jabu sun cika kasuwa, da sunan manyan kamfanoni a jikinsu, kuma yawanci rashin nauyi, kaifin roba a mahaɗa da rubutun da ke gogewa da farce ne ke tona su.

In kuma maus ɗin da hannu ya riga ya saba da shi ya fara danna biyu, ba lalle a jefar ba. Makunnin ƙafa uku gare shi, da dalma aka like shi a jikin allon ciki, kuma masu gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre a Kano suna iya cire shi su dasa wani. Sau da yawa ana samun mai lafiya a cikin wani mataccen maus, a maɓallin dama, wanda ba a cika dannawa ba. Sukurorin buɗewa galibi suna ɓoye ne a ƙarƙashin 'yan robobin santsi na gindi ko takardar lamba, don haka a ɗaga su a hankali yadda za su sake mannuwa.