Shin Dutse Na Wane Ne?

Tambayarmu ta wannan mako ita ce: idan Allah Maɗaukakin Sarki Ya shimfiɗa daji Ya kafa dutse, sa'an nan hukuma ta keɓe wurin ta ce na kowa ne, shin su wane ne ake nufi da kowa? A ƙasar Ingila za mu bi wannan tambaya, domin a can an yi ta har da dambe da ɗauri.

Tsakanin biranen Manchesta da Sheffield akwai wani yanki na tuddai da kwaruruwa da ake kira Peak District, wanda shi ne gandun ƙasa na farko da aka kafa a Birtaniya, a shekarar 1951. Kada mai karatu ya zaci irin Yankari ne mai giwaye da gwaggon biri. Wannan gandu cike yake da ƙauyuka da gonaki da tumaki, yawancin filayensa ma mallakar ɗaiɗaikun mutane ne. Abin da ke kai baƙi can shi ne tattaki, wato mutum ya ɗaure takalmi, ya saɓa jaka, ya wuni yana bin turba bisa tuddai don motsa jiki da samun natsuwar zuciya.

Shekaru 19 kafin a kafa gandun, talaka bai isa ya taka mafi yawan waɗannan tuddai ba. Masu filayen sun killace su domin farautar wani tsuntsu dangin makwarwa, suka zuba 'yan gadi riƙe da sanduna, alhali kuwa ita farautar 'yan kwanaki ce kawai a shekara. Ma'aikatan masana'antu, waɗanda suka share mako suna shaƙar hayaƙi, sai dai su hango tudun daga nesa. Ran Lahadi 24 ga Afrilu, 1932, samari kimanin 400 suka tashi daga ƙauyen Hayfield suka nufi Kinder Scout, tudu mafi tsawo a yankin, mai tsayin mita 636, ba tare da izinin kowa ba. Jagoransu wani saurayi ne ɗan shekara 20 mai suna Benny Rothman. Aka gwabza da 'yan gadi, aka kama mutum shida, aka ɗaure biyar daga wata biyu zuwa wata shida. Tsananin hukuncin ya ja hankalin jama'a ga kukansu. A 1949 aka yi dokar kafa gandayen ƙasa, amma sai a shekarar 2000 majalisa ta ba jama'a haƙƙin yawo bisa irin waɗannan tuddai da filayen da ba a nomawa.

To, shingen doka ya faɗi ke nan. Sai dai akwai wani shinge da ba a gani da ido. A shekarar 2020, lokacin kullen annobar korona, wani Musulmi mutumin birnin Coventry mai suna Haroon Mota ya kafa ƙungiyar tattaki da ya kira Muslim Hikers. Ranar Kirsimeti ta 2021, fiye da mutum 100, maza da mata, wasu da gemu wasu da hijabi, suka hau tudun Mam Tor a cikin wannan gandu. Da hotunansu suka bazu, sai zagi ya biyo baya. Wasu suka ce waɗannan ba masu tattakin gaskiya ba ne, wasu suka ce yawansu zai lalata turba, wasu kuwa suka fito fili da ƙiyayyar launi da ta addini. Daga ƙolin Mam Tor ana hango Kinder Scout a hayin kwarin Edale. Wato a wurin da aka ɗaure talakawa don sun taka dutse, a nan ne wasu daga magadan wannan 'yanci suka tsaya a matsayin 'yan gadi, sanda kawai ce babu a hannunsu.

Adalci ne mu saurari hujjar da ke da ƙamshin gaskiya a cikin wannan hayaniya. Ƙafa tana cin ƙasa. Turbar da dubban mutane suke takawa takan zaizaye, ciyawa ta mutu, ruwan sama ya kwashe ƙasar. Ashe ba halal ba ne a taƙaita shiga domin kare wurin? Halal ne, shari'armu ma ta san wannan tun da daɗewa. Larabawa suna kiran irin wannan fili hima, daga tushen kalmar da ke nufin karewa, kusan abin da mu muke kira hurumi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma, Allah Ya yarda da shi, ya keɓe Rabaza. Abin lura shi ne umarnin da Umar ya ba baransa Hunayyu sa'ad da ya ɗora shi kan hurumin, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a ƙarshen Muwaɗɗa. Ya hore shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tsare garkunan Ɗan Aufu da Ɗan Affana. Dalilinsa shi ne su biyun nan, in dabbobinsu sun halaka, suna da gonaki da dabinon da za su koma gare su, shi kuwa talaka sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Halifa. Umar bai ɓoye cewa mutanen wurin suna ganin ya ƙware su ba, ya kuma nuna cewa ba don dabbobin da ake hawa saboda Allah ba, da bai keɓe ko taƙi ɗaya na ƙasarsu ba.

Ka ga Abdurrahman ɗan Aufu da Usman ɗan Affana suna cikin manyan sahabbai, amma su aka fara tsarewa. Ma'aunin ke nan: hurumi ana yin sa ne bisa larura, ana taƙaita aiki ko adadi, in kuwa dole sai an hana wani, to daga mai wadata ake farawa. Mu ɗora maganar Mam Tor a kan wannan ma'auni. Tudun yana cikin waɗanda aka fi takawa a gandun, zaizayarsa ta kai har an shimfiɗa wa turbar ƙolinsa duwatsu tun kafin a kafa ƙungiyar Haroon Mota. Duk wanda bai ɗaga murya kan dubban da suka riga suka taka ba, sai ranar da ya ga hijabi, ba ciyawa yake jin tausayi ba.

Sa'an nan me ya sa suka tafi a ayari? Iyayen da yawa daga cikinsu sun zo Ingila ne daga Pakistan da Indiya da Bangaladash a shekarun 1950 da 1960, suka shiga masaƙu da masana'antu, wasu aikin dare wasu na rana. Wanda ya kwana tsaye gaban inji ba ya tashi ya kai ɗansa hawan dutse. Yaron ya girma bai san taswira ba, bai san irin takalmin da ake sawa ba, kayan kuma da tsada. In ya yi ƙarfin hali ya je shi kaɗai, ya shiga ƙauyen da babu mai kama da shi, ido ya yi masa yawa, ga tunanin inda zai yi alwala da salla. Ayari shi ne maganin wannan fargaba. A hana mutum sakewa in ya zo shi kaɗai, a kuma zarge shi in ya zo da 'yan'uwansa, wannan rufe ƙofa ne ta fuska biyu. A Amurka ma an ga makamancin haka, inda a gandun Shenandoah aka taɓa ware wa baƙaƙen fata wurin hutawarsu dabam a Lewis Mountain. An daina wariyar tun wajen 1950, amma tabon da ta bari a zukata ya daɗe bai goge ba.

Amma fa mai haƙƙi shi ma akwai haƙƙi a kansa. Manomin da turba ta ratsa gonarsa yana da haƙƙin a rufe masa ƙyaure kada tumakinsa su watse, kada a firgita masa masu ciki, kada a bar masa leda da gwangwani. Musulmi ya san hanya tana da haƙƙi, ya san kawar da abin cutarwa daga kanta yanki ne na imani. A ganina ayari mai yawa gara ya rarrabu ƙungiya-ƙungiya inda turba ta ƙuntata, domin mai tahowa ya sami wurin wucewa. Haka kuma ƙungiyar da ta ɗauki sunan Musulunci wajibi ne ta bar ƙofarta a buɗe ga wanda ba Musulmi ba, in ba haka ba ta gina irin shingen da take kuka da shi.

Akwai kuma bashin godiya. Benny Rothman Bayahude ne, ɗan gurguzu, iyayensa baƙi ne daga ƙasar Romaniya, wata huɗu ya yi a kurkuku domin a buɗe wa talaka tudu. Musulmin da ya shimfiɗa darduma a kan waɗannan tuddai yau yana cin moriyar wannan ɗauri, ya kamata kuma ya san sunan mutumin. A bikin cika shekara 70 da hawan Kinder Scout, cikin Afrilun 2002, basaraken Devonshire ya tsaya gaban jama'a ya nemi gafara kan abin da kakansa da sauran masu filaye suka yi. Rothman bai ji wannan da kunnensa ba, domin ya rasu cikin watan Janairu na shekarar.