Abin Lura: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk wanda ya girma a Arewa ya san Peugeot 504. A Faransa aka fara fitar da ita a 1968, kuma masana'antar Peugeot da ta fara aiki a Kaduna a 1975 ta shafe shekaru tana harhaɗa ta, har ta zama motar ma'aikatan gwamnati da direbobin tasha. Masu riƙe da ita har yanzu, kukansu bai cika wuce biyu ba: allurar zafi ta haye ja, kuma in an taka totur sai motar ta shaƙe, ta yi kamar za ta mutu kafin ta zabura.

Mai mota yakan ɗauka cuta biyu ce ta kama ta. Sai ya nufi kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa, ya sayo lagireto saboda zafin, ya sayo kafireto saboda shaƙewar. Kafin mako ya zagayo allura ta koma inda take, kuɗi kuwa sun tafi.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake fara yi: "Alhaji, a ina take yin zafin, a cunkoson cikin gari ko a kan babban titi?" Amsar nan rabin gyara ce. Motar da ke zafi a tsaye amma ta huce in ta samu hanya, iska ce ba ta isar ta, sai a duba fanka da fanbel, da ƙura da ciyayin da suka toshe fuskar lagireto. Wadda kuwa ke lafiya a gari amma ta tafasa in an miƙa hanya, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: ko ƙananan bututun lagireto sun cushe, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana tsukewa, ko famfon ruwa ya gaji. Murfin lagireto ma abin dubawa ne, domin matsin da yake riƙewa shi ke hana ruwan tafasa a maki 100.

Abin mamakin shi ne, sau da yawa zafin da shaƙewar tushensu ɗaya. Idan saitin wuta ya goce, fulogi ya riƙa kawo wuta a makare, mai ba zai gama ƙonewa a kan lokaci ba. Ƙarfin da ya kamata ya tura fistin sai ya zama zafi, motar ta yi nauyi kuma ruwanta ya tafasa. Haka in datti ya toshe ƙananan kafofin kafireto, ko wani ɗan tiyo ya tsage yana shigar da iska ta bayan gida: mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, injin ya ɗau zafi, totur ya ƙi amsawa. Zafin kansa kan mai da fetur tururi a cikin bututu, famfon mai ya yi ta ja ba ya samun komai.

Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo. A kashe injin, a cire matatar iska, a leƙa maƙogwaron kafireto, yaron gareji ya taka totur. Idan aka ga ɗan siririn fetur ya tsarto, wannan ɓangaren na kafireto lafiya lau yake. Idan ɗigo ne kawai ko babu komai, an kama ɓarawon. A kwance fulogi ɗaya a dubi bakinsa: in ya yi fari fat mai ya yi kaɗan, in ya yi baƙin hayaƙi mai ya yi yawa.

Mu kuwa me muka saba yi? Jarkar ruwan rijiya a but, duk inda ta tafasa a tsaya a ɗura. Ruwan nan ne ke barin tsatsa da gishiri su toshe lagireto. Wani ya cire tamostat ya jefar, ya ce ya yi maganin zafi, alhali bai taɓa ainihin ciwon ba. Ana nan sai saman injin, wanda na alminiyam ne, ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, farin hayaƙi ya fara fita ta salansa, baƙin mai ya gauraye da ruwa. Gyaran da juya ƴan kusoshi zai yi ya koma sauke injin.

Haka abin yake a gidajenmu. Yaro ya soma zafin rai, karatunsa kuma ya ja baya. Uba ya sayo bulala saboda zafin ran, ya ɗauko malamin lesin saboda karatun, ba wanda ya zaunar da shi ya ce, "Yarona, me ke damunka?" Ta yiwu yunwa yake tafiya da ita makaranta, ko ba ya ganin allo sosai, ko wani ne ke cin zalinsa a hanya, ko rigimar iyayensa ce ke hana shi barci. Halaye biyun da ake gani rassa ne, saiwar ɗaya ce, kuma tsawa da duka ba sa kaiwa gare ta. Suna kwantar da abin na yini ɗaya, gobe ya dawo da ƙarfinsa.

Saboda haka iyaye da malamai da duk mai riƙe da jama'a, idan kuka ga zafin rai da sanyin jiki sun haɗu a kan wanda ke hannunku, kada ku yi gaggawar hukunci. Ku tambaya yaushe abin ya fara, a wane wuri yake tashi, sannan ku saurari amsar har ƙarshe. Allah Ya ba mu haƙurin bincike kafin ɓarna ta yi nisa.