Kare A Bakin Tafkin Goronyo

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima cikin 1984, ruwa ya taru ya zama babban tafki. Masunta suna kamun kifi a ciki, makiyaya suna gangarowa da shanu, manoma kuma suna samun na ban ruwa har fadamun Wurno. Akwai kuma mai zuwa don shan iska kurum. To, in irin wannan ya zo da karensa, jama'a suka ɓata rai, wa ke da gaskiya?

Masu ƙin kare suna da hujja. Yaro ya hango shi sai ya ruga, tumaki su watse, mai ɗiban ruwa ta ajiye tulu ta tsaya nesa. Mafi girma duka shi ne ciwon haukan kare. Yana bin yawu ya shiga jiki ta wurin cizo, in kuwa alamunsa suka bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Tsoron wannan ba wauta ba ne.

Amma waɗansu suna wuce gona da iri, su ce kare ya sa baki a tafki ya ɓata ruwan. Malaman ƙasar nan ba haka suka karanta ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bi, shi da kabarinsa ke Wurno tun 1837, kare mai rai ba najasa ba ne, haka nan yawunsa. An ce a wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai, amma malamai suka ce bin umarni ne, ba don ƙazanta ba. Balle tafki, wanda ya fi ƙarfin harshen kare. Hadisi ma ya ba da labarin wani da ya ɗebo ruwan rijiya a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Wanda ya jefi kare don ya hana shi sha, lalle ya yi zalunci.

Sai dai kare bai kawo kansa ba, kawo shi aka yi. Karen mafarauci daga Rabah ko na makiyayi aiki ya fito, kowa ya san dalilinsa. Mai shan iska kuwa daɗin ransa yake nema, bai kamata ya same shi da firgitar 'ya'yan mutane ba. Yakan ce, "Ai ba ya cizo." Shi ya san haka, yaron da ke gudu bai sani ba.

Saboda haka nauyin yana wuyan ubangijin kare. Ya sa masa igiya, ya kauce wa mashaya da wurin wanka, ya kai shi ma'aikatan dabbobi su yi masa allurar rigakafi. Allurar ba sabon abu ba ce, gama tun 1885 Louis Pasteur ya fara ceton mutum da irinta a Faransa. In kuwa tsautsayi ya sa karen ya yi cizo, shi ne farkon wanda zai nemo sabulu a wanke ciwon da ruwa mai yawa kamar minti 15, sa'an nan ya raka wanda aka ciza asibiti a ranar, kuɗin magani kuma daga aljihunsa.