SHIN MUSULMI ZAI IYA ZIYARTAR KUFAI DA WURAREN TSAFI?



Wani ɗalibi daga Shinkafi ya aiko mini da tambaya: ana shirya musu yawon wuni ɗaya da ɗan jagora zuwa kufan Alƙalawa, wasu kuma suna maganar dutsen Kwatarkwashi, inda aka taɓa yin tsafi. Ya je ko ya zauna?

Na ce masa: in hanya lafiya, je ka, amma duba abin da ya kai ka.

A shekara ta 9 bayan hijira, kan hanyar Tabuka, Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijir, garin Samudawa. Bai canza hanya ba, sai dai ya rufe kansa, ya yi sauri, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka. Ka ga ke nan abin nema wa'azi ne, ba shagali ba. Neman tabarraki da dutse ko yi masa yanka kuwa, shirka ce.

Alƙalawa fa hedkwatar Gobir ce, fadar Bawa Jangwarzo. A 1808 ta faɗi hannun jama'ar Shehu, aka kashe Yunfa. Yau ina ganuwar? Ina dawakin?

Mu a Galadi, Zurmi da Ƙaura Namoda ma ba sai an kai mu nesa ba. Ƙauyuka nawa muka sani da suka zama kufai a idonmu? Wanda ya tsaya a kufai ya ɗauki hoto kawai, bai tambayi kansa hakkin wa yake ci ba, wallahi ya yi asarar kuɗin mota.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.