Gadar Bayan Gida: Baitoci da Sharhinsu

Da sunan Allah muke farawa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ga baitoci huɗu da na tsara a Zugu, wato Djougou, sannan sharhi ya biyo.

Gada ta zo bayan gida da asubahi,
Ta sha ruwa, ta tsinci ɓaure a lambuna.

Na ba ta dusa, ina zaton jinƙai nake,
Ashe tsoronta nake saye da hannuna.

Tsoro garkuwa ce da Jalla Ya yi mata,
Ni na raba ta da ita, wannan ne laifina.

Wanda ya sabar ya ɗau amana a wuya,
Ya Rabbi yafe, kar Ka dubi sakacina.

SHARHI

Ka sani, ya ɗan'uwa, gidana yana bakin gari ne, bayansa gonakin yazawa, sai ragowar kurmi. A ranin shekarar 2019, da aka saka wa daji wuta kamar yadda aka saba, wata gada ta riƙa zuwa gindin ɓauren bayan gida. Lokacinta bayan sallar asuba, ina zaune ina lazimi. Mace ce, ba ƙaho, don a gada namiji ke da ƙaho. Da fari ko tari na yi sai ta ɓace. Na sa mata ruwa a kasko, na ƙara da dusa da ɓawon doya. Kafin wata biyu tana ci ina kallonta, tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Na ji daɗi, har na riya a raina cewa wannan alamar karɓuwa ce. Allah Ya gafarta mini.

Ran nan da hantsi wani saurayi maƙwabcinmu ya yi sallama da cinyar nama a ƙunshe. Ya durƙusa ya ce, "Alfa, ga rabonka, a sa mini albarka. Tun da nake farauta ban taɓa ganin irinta ba. Tsayawa ta yi tana dubana, kamar tana jiran in ba ta wani abu." Na ce, "Ɗana, ka yanka da bisimilla?" Ya ce, "Na riske ta da rai, na yanka." Na sa masa albarka. Naman kuwa na kasa ci.

To, mas'ala uku ke nan.

Ta farko: shin saurayin ya yi zunubi? A hukuncin nama, a'a. Naman gada halal ne. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya bayyana a Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce, don buƙata kuwa ta halatta, kuma yaron nan gidansu ya kai. Sai dai na tuna masa cewa hukuma tana da doka a kan farauta, kiyaye ta wajibi ne don maslahar jama'a.

Ta biyu: shin ni na sami lada? Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, da matar da aka azabtar don ta tsare kyanwa ba ci. Saboda haka ina fatan ladan ruwan. Amma dubi bambanci. Mai shayar da karen ya ba shi ruwa, ya kama hanyarsa. Ni ban tsaya nan ba. Kullum sai na matso da kaskon kusa da buzuna, don in more kallo. Wannan matsowar rabon raina ce, ba buƙatar gada ba. Gada ganye take ci da 'ya'yan itace, tana ma jure rashin ruwa. Allah Ya faɗa a Suratu Hudu cewa arzikin kowace dabba yana wuyansa. Abin da ba ta iya rayuwa sai da shi shi ne firgita da ƙafa, ni kuwa na koya mata cewa mai ƙafa biyu aboki ne. Hausawa sun ce sabo turken wawa. A nan wawan ba gada ba ce, wanda ya kafa turken ne.

Ta uku: mene ne daidai? Iyayenmu fatake da suka bi ta garin nan daga Kano zuwa Salaga neman goro sun ratsa daji mai cike da namu. Yau sai ka nufi gandun Pendjari, wanda aka keɓe a 1961, kafin ka ga garke. Keɓe daji kuwa ba baƙon abu ba ne a Musulunci: Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, an kuma hana farauta a Haramin Makka. Daga nan na fahimci cewa jinƙan naman daji shi ne a bar masa dajinsa. Kada ka sare ɓaure da kaɗanya da ɗorawa ba dalili. Kada ka saka wuta don kama ɓera ɗaya. In fari ya tsananta, ajiye ruwa can nesa da gida, ka tafi, kada ta ga hannunka.

Akwai ishara a nan ga 'yan'uwa muridai, musamman muƙaddamai. Malamanmu sun koyar cewa bawa yana tafiya ne tsakanin tsoro da fata. Wanda ya jawo almajiri da daɗin baki, ya cire masa tsoron Allah da alkawarin cewa ya riga ya tsira, sannan bai tsaya ya yi masa tarbiyya ba, ya yi irin aikina: ya sabar, ya bar wa maharbi. Haka mai ɗaukar ɗan wani ya ce zai karantar, ya sake shi a tasha. Kafin ka ce wa wata halitta "matso," tambayi kanka ko za ka iya tsare ta ran da ba ka nan. In ba za ka iya ba, yi alherinka daga nesa.

Kaskon yana nan har yau, amma na mai da shi bakin kurmi. Da safe nakan ga sawu a gefensa, ban kuwa nemi ganin mai sawun ba.

Allah ne Mafi sani. Ya gafarta mana, da iyayenmu, da shehunanmu. Amin. Tammat bi hamdillahi.