JIKI MAGAYI: GUDU A KAN CIWO, HAƘURI NE KO TAURIN KAI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙagi ɗan Adam, ya ɗaure gaɓoɓinsa da tsoka da jijiya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, akwai wani bawan Allah da muke haɗa sahu da shi a nan Magariya, magidanci ne da ya ba shekara arba'in baya. Likita ya auna shi ya tarar jininsa yana hawa, ya umurce shi da motsa jiki. Sai ya ɗauki al'adar fita gudu kan hanyar Bande da zarar an sallame sallar asuba. A cikin shekara guda, sau uku ina ganinsa yana salla a zaune, ƙafar dama a miƙe, kuma kowane karo wuri ɗaya ne, wato tsokar bayan cinya. A karo na uku na ce masa: "Alhaji, wannan ƙafa ba za ka bar ta ta huta ba?" Ya yi murmushi ya ce: "Malam, ai haƙuri nake yi. Da na ji sauƙi nake komawa, in ta motsa in haɗiyi ƙwaya in ci gaba." Wannan kalma ta haƙuri da ya ambata ita ce ta hana ni sakat, domin kalma ce mai girma, bai kamata mu bar ta tana zama mayafin abin da ba ita ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ke sammako zai ga samari daga garin nan, da na Dungas da Waca da Malawa, suna gudu domin shirin jarrabawar shiga soja ko jandarma ko gardi. Zai ga ƴan kokowa da ƴan ƙwallo, ga kuma manya masu ciwon sukari da hawan jini. Kada wani ya raina su ya ce gudu aikin yara ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Uwar Muminai A'isha (RA) ta wuce shi, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta. Salamatu ɗan Akwa'u (RA) ya shahara cikin sahabbai da gudun ƙafa. Gudun ba laifi ba ne. Tambayarmu ita ce: idan ciwo ya yi ta komowa wuri guda, wane ne mai haƙuri, wanda ya danne shi ya ci gaba, ko wanda ya tsaya?

Ba za a amsa wannan ba sai an san abin da ke faruwa a cikin naman. Tsoka tarin zare ce, kamar igiyar rama da aka tufka. Idan aka ja ta da ƙarfi alhali tana miƙewa, kamar lokacin da mai gudu ya wurga ƙafa gaba kafin ta taɓa ƙasa, sai wasu zarurruka su tsinke. Likitoci sun kasa wannan rauni mataki uku. Na farko ƴan zarurruka ne suka tsinke, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Na biyu ɓangare mai yawa ne ya yage, da kumburi da ɗingishi, yakan ci wata ɗaya zuwa biyu. Na uku tsokar ce ta rabu gaba ɗaya, wannan maganar watanni ce, wani lokaci sai an yi aiki. Wannan duka daban yake da tsamin jiki, wanda ke kama ƙafafu biyu kwana ɗaya ko biyu bayan aiki mai nauyi ya kuma tafi da kansa. Yagewa ita tana zuwa farat ɗaya, kamar an soka maka tsinke, kana iya ɗora yatsa a kan wurin.

To, ga inda ake ruɗuwa. Zafin yana riga ƙarfin dawowa. Jiki yakan fara ɗinke wurin da wani nama mai kama da tabo, wanda bai kai tsokar asali ƙwari da naɗewa ba. Bayan kwana goma mutum zai taka lafiya, ya hau babur lafiya, ya yi ruku'u ba ya jin komai, sai ya yanke wa kansa hukuncin ya warke. Alhali kuwa ɗinkin ɗanye ne. Masana raunin ƴan wasa sun daɗe da lura cewa abubuwa biyu ne suka fi nuna wanda tsokarsa za ta yage: ya taɓa yagewa a da, da kuma yawan shekaru. Sun kuma lura cewa makonnin farko bayan komawa gudu su ne mafi haɗari, kuma yagewa ta biyu takan fi ta farko jinkirin warkewa. Ƙara da cewa daga shekara talatin zuwa sama tsoka takan fara raguwa sannu a hankali ga wanda bai aikatar da ita ba. Ko Usain Bolt na Jamaika, wanda ba a taɓa ganin mai saurinsa ba, tsokar bayan cinya ce ta kayar da shi a tserensa na ƙarshe a Landan a 2017, yana da shekara 30, ga likitoci kewaye da shi. Ina ga magidancin da ya fito daga bargo cikin ɗarin hunturu, ya faɗa rairayi da takalmin roba ba tare da ya ɗumama jiki ba? Rairayin ƙasarmu kuwa, duk da taushinsa, yana sa agara da sharaɓa aiki fiye da ƙasa mai tauri.

Yanzu sai mu koma ga haƙuri. Malamai sun ce asalin ma'anarsa tsare rai ne, wato riƙe ta daga abin da take so zuwa ga abin da ya dace. Sai mu tambayi mai gudu: me ranka ke so? Wanda ya saba da gudu ya san amsa. Ransa gudun yake so, yana son iskar asuba, yana son kada abokai su ce ya gaza, yana son kada tumbin da ya sauke ya dawo. Zama a gida shi ne abin da ran ke ƙi. Ashe ke nan mai fita da ƙafa mai rauni biye wa ransa ya yi, ya kuma sanya wa biyewar suna mai kyau. A ganina, wanda ya iya zama mako shida yana jin takun abokansa suna wucewa ta ƙofar gidansa, shi ne ya tsare ransa.

Wannan cuta ta ɗora wa jiki fiye da ƙarfinsa da sunan alheri tsohuwa ce, har cikin ibada ta shiga. Buhari da Muslim sun kawo labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA), saurayi mai ƙarfi da ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka. Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya sanar da shi cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa kowane yana da hakki a kansa. Ya yi ta neman ƙari har aka tsayar da shi a kan azumin Annabi Dawuda (AS), yini a yi yini a sha. Da tsufa ya zo masa, ya riƙa burin da ma ya karɓi rangwamen tun farko. Haka nan an ruwaito cewa an ga wani tsoho yana tafiya ƴaƴansa biyu na tallafe da shi, saboda ya yi bakancen zuwa Ka'aba a ƙasa, aka umurce shi ya hau abin hawa. Littafin Ahalari da muka karanta tun muna yara ya jera halaye bakwai na sallar farilla, daga tsayuwa ba jingina har zuwa kwanciya. Idan shari'a ta saurari gwiwa da ƙugu a cikin salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, da wace hujja mutum zai toshe kunne daga cinyarsa a kan gudun safe?

Mai karatu zai iya cewa: to ina jarumtaka? Ai duniya tana yabon waɗanda suka ƙarasa tsere da ciwo. Gaskiya ne. A wasannin Olimfik na Meziko a 1968, John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya faɗi cikin tseren kilomita 42, ya ji mummunan rauni a gwiwa, aka ɗaure masa, ya ɗingisa har ya shigo fili fiye da awa guda bayan Mamo Wolde na Habasha ya ci tseren. A Basalona a 1992, tsokar bayan cinyar Derek Redmond na Ingila ta yage a tseren mita 400, mahaifinsa ya sauko daga cikin ƴan kallo ya riƙe shi suka ƙarasa. Ni ma zuciyata takan motsa in na ga hoton. Amma waɗannan rana ɗaya ce a rayuwarsu, ranar da suka yi shekaru suna jira, suna ɗauke da sunan ƙasa. Kuma mu sani Redmond bai sake yi wa ƙasarsa tsere a Olimfik ba. Wanda ya mayar da kowace safiyar Talata ranar Meziko, ba ya ɗauke da tutar kowa, iyalinsa ne za su ɗauke shi.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta saurayin da aka sa wa ranar jarrabawar shiga soja. Shi ba nishaɗi yake yi ba, abincin gidansu yake nema, kuma ranar ba za ta jira cinyarsa ba. Ba zan ce masa laifi ya yi don ya gwada sa'arsa ba, lalura tana da hukuncinta. Sai dai in tuna masa cewa galibi raunin ya samo asali ne daga gaggawa, mutum ya shekara bai yi gudu ba, sai da ya ji sanarwa ya tashi yana neman gudun wata shida cikin mako biyu. Da ya fara tun kaka yana ƙara kaɗan kaɗan, da bai shiga wannan tsaka mai wuya ba.

Abin da ba ni da rangwame a kansa shi ne ƙwaya. Ciwo ɗan saƙo ne, jiki ya aiko shi ya gaya maka a tsaya. Mai haɗiyar tramol domin ya yi gudu kamar sarki ne da aka kawo wa labarin gobara ya sa aka ɗaure manzon. Wutar tana nan tana ci. Tramol yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, yana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kowa a ƙasar nan ya ga abin da ya yi wa matasa. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024. Su ma magungunan da ake ganin ba komai, irin su diklofenak da ibuprofen da ake saye a tire cikin kasuwa, yawan shansu yana cin ciki yana taɓa ƙoda, musamman ga mai gudu cikin zafin bazara jiki ba ruwa, ko mai hawan jini, wanda dama ƙodarsa ake ji wa tsoro. Dubi abin mamaki: mutum ya fita gudu domin ya tsare ƙodarsa daga hawan jini, ya koma yana dukanta da ƙwaya domin ya iya gudun.

Kada kuma a fahimce ni cewa haƙuri shi ne a shimfiɗa tabarma a kwanta. Wannan ma kuskure ne, kuma likitoci da kansu sun gyara fahimtarsu a nan. Wani likitan Amurka, Gabe Mirkin, shi ya yaɗa ƙa'idar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, sannan a 2014 ya fito ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa. Abin yabo ne malami ya janye maganarsa in hujja ta bayyana masa. Abin da ake koyarwa yanzu shi ne a kare wurin kwana biyu ko uku, kada a murza shi da ƙarfi ko a gasa shi yana sabo, sannan a fara tafiya gwargwadon abin da ba ya tayar da zafi, daga nan a shiga ƙarfafa tsokar. Akwai wani motsi mai sauƙi da ba ya bukatar ko dala: mutum ya durƙusa kan tabarma, wani ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sulalowa gaba a hankali, jiki a miƙe, har ya tare ƙasa da hannu. A 2011 aka fitar da sakamakon gwajinsa a kan ƴan ƙwallo 942 a ƙasar Danmak, aka ga yagewar tsokar bayan cinya ta ragu sosai, kuma raguwar ta fi yawa ga waɗanda suka taɓa jin raunin. Ba a fara shi sai zafin ya kwanta. Ba a kuma komawa gudu sai ƙafar mai rauni ta yi kusan daidai da ƴar'uwarta a ƙarfi da miƙewa, a fara da sassarfa ana haɗawa da tafiya, a bar kwana tsakanin fita da fita. Aiki ne mai gundura, ba mai ganinka balle ya yaba maka, shi ya sa mutane ke gudunsa.

Akwai kuma alamun da ba na jira ba ne, ba kuma na mai ɗori ba. Wanda ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan dunduniya ya kasa ɗage, wataƙila agara ce ta tsinke. Wanda sharaɓarsa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ba tare da ya ji rauni ba, ana tsoron jini ne ya daskare. Wanda fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan gudu mai tsanani, ko ya ji ƙirjinsa na matsewa, waɗannan duka asibiti za su nufa a ranar.

Shi kuwa Alhajin namu, a karo na ukun ya karɓi shawara ya je aka duba shi. Ya yi mako bakwai bai yi gudu ba. Da la'asar sakaliya sai ka tarar da shi durƙushe a zaure, babban ɗansa na danne masa ƙafa, ƙananan suna ƙirga masa suna dariya. Ya gaya mini cewa mako na uku shi ne ya fi masa wuya, domin a lokacin ba ya jin ciwon ko kaɗan, kuma sau biyu yana ɗaura takalmi yana kwancewa. Yanzu yana fita sau uku a mako, yana fara tafiya har ya wuce gidajen ƙarshe kafin ya ɗaga ƙafa, samari suna wuce shi yana yi musu sannu. Tun daga lokacin ban sake ganinsa a zaune cikin sahu ba.